Da A Ce Iyaka Ta Tsaya A Kogin Shari: Ngeli Da Tarihin Shata Mazaɓu

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi da dama ba sa ƙaunar kalmar nan "da". A ganinsu aikin mai nazarin tarihi shi ne ya faɗi abin da ya auku da dalilin aukuwarsa, sauran kuwa hira ce ta bakin kasuwa. Bahaushe ma ya ce da-na-sani ƙeya ce, wato kullum a baya take. To amma duk wanda ya ce abu kaza ne ya haddasa abu kaza, ya riga ya yi amfani da "da" ko ya lura ko bai lura ba, domin ma'anar maganarsa ita ce, da na farkon bai faru ba da na biyun bai biyo baya ba. Ɗalibin nahawu zai gane wannan jumla mai "da" biyu, ɗaya a goshin kowane sashe, wadda Hausa ke amfani da ita wajen sharaɗin da lokacinsa ya riga ya wuce. Da ita za a yi aiki a wannan takarda, bisa ƙa'ida ɗaya: ba za a ƙirƙiro wata taswira daga ka ba. Duk iyakar da za a gwada, iyaka ce da aka taɓa sa wa hannu a takarda, aka yi aiki da ita na wasu shekaru, sannan aka goge.

Wurin da za a yi gwajin shi ne Ngeli, wadda ake rubutawa Ngueli da Faransanci, unguwa ce a birnin Injamena na ƙasar Cadi. Abin da ake son nunawa shi ne, kafin wata hukumar zaɓe ta zauna ta shata mazaɓa, akwai wani layi da ya riga ta, kuma sau da yawa wannan layi na farko shi ke yanke wa ƙuri'a nauyinta.

2.0 Ngeli Da Inda Take

Tsohon garin Injamena yana gaɓar kogin Shari ta arewa maso gabas, daidai inda kogin Logon ya zo ya haɗu da shi. Faransawa ne suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kuseri na ranar 22 ga Afrilu na wannan shekara, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu a rana guda. Sai a 1973 aka canja masa suna. Garin Kuseri kuwa yana gaɓar Logon ta yamma, cikin ƙasar Kamaru. Tsakanin kogunan biyu akwai wata ƙasa mai kamar harshe, siririya a arewa inda ruwayen suka haɗu, tana faɗi idan aka nausa kudu. A kan wannan harshe Ngeli take, ita da Waliya da Tukra, kuma su ne gunduma ta 9 daga cikin gundumomi 10 na birnin.

Duk direban babbar mota da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ko Maiduguri ya bi ta Dikwa da Gamborun Ngala da Fotokol ya san Ngeli, domin a nan gadar da ta haɗa Kuseri da Cadi ta sauka, a nan kuma harabar kwastan take. An gina gadar farko a 1985. Kafin nan sai fito da kwalekwale. Kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala ma ta nan suke shiga. A watan Fabrairu na 2008, lokacin da 'yan tawaye suka shiga Injamena, ta wannan gada ce dubban mutane suka tsere zuwa Kuseri da ƙafa.

3.0 Bakin Agwagwa

A ranar 15 ga Maris 1894 Faransa da Jamus suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba iyaka tsakanin Kamaru, wadda ke hannun Jamus, da ƙasashen da Faransa ke hanƙoron mallaka a gabas. A lokacin babu ɗayansu da ke da ko soja guda a yankin; Rabe ne ke da iko, yana zaune a Dikwa. Yarjejeniyar ta ce iyaka za ta bi layin digiri na 10 har ta isa kogin Shari, daga nan ta bi kogin har tafkin Cadi. Ke nan duk ƙasar da ke tsakanin Logon da Shari, arewa da wannan layi, ta Jamus ce. Idan aka dubi taswirar wancan zamani sai a ga Kamaru ta miƙo wani tsini zuwa gabas, shi ne Jamusawa da Faransawa suka laƙaba wa suna Bakin Agwagwa. Garin Bongor yana ciki. Ƙasar da Ngeli take a kai ma tana ciki. Wato a shekarun farko na Fort-Lamy, jami'in Faransa da ya tsaya a bakin Shari ya hangi tsallake, ƙasar Jamus yake kallo.

Abin da ya sauya wannan tsari ya faru ne a wuri mai nisan gaske. A 1911 Faransa ta tura soja birnin Fas na Maroko. Jamus ta fusata, ta aika da jirgin ruwan yaƙi mai suna Panther ya tsaya a Agadir ranar 1 ga Yuli. Turai ta yi kusan kamawa da wuta. Aka shafe watanni ana ciniki a Berlin tsakanin jakadan Faransa Jules Cambon da sakataren harkokin wajen Jamus Kiderlen-Wächter, har aka daidaita ranar 4 ga Nuwamba 1911. Jamus ta sakar wa Faransa Maroko. Faransa ta ba Jamus ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 275,000 daga yankunanta na tsakiyar Afirka, aka kira ta Sabuwar Kamaru. Don kada a ce Faransa ta tashi hannu rabbana, sai Jamus ta ba ta ɗan gyara, kamar yadda mai awo kan ƙara wa mai saye: ƙasar da ke tsakanin Logon da Shari, kimanin murabba'in kilomita 12,000. Da wannan gyara Ngeli ta zama Cadi. Cinikin bai gamsar da kowa ba. Sakataren mulkin mallaka na Jamus, Lindequist, ya ajiye aiki don fushi, gwamnatin Caillaux ta Faransa kuma ta faɗi a Janairun 1912.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, don abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin maganar. Sabuwar iyakar 1911 ta bi kogin Pende daga wajen Gore, ta shiga Logon, ta bi shi har mahaɗarsa da Shari. Ke nan Cadi ta sami gabashin Logon, amma ta rasa yammacinsa: Lere da Pala da Kelo, da ƙasar Ngambai inda daga baya aka kafa garin Mundu, duk sun koma hannun Jamus. Shekara uku kacal bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Faransawa suka ƙwace Kuseri a Satumban 1914, sansanin Jamus na ƙarshe a dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Da aka zo zaman sulhu na 1919, Faransa ta mayar da Sabuwar Kamaru cikin yankunanta na da, sauran Kamaru ne kawai aka ba ta riƙon amana. Bisa adalcin ciniki, idan an warware saye sai mai kaya ya karɓi kayansa, mai kuɗi ya karɓi kuɗinsa. Faransa ta karɓi kayanta ta kuma riƙe gyaran. Bakin Agwagwa bai koma Kamaru ba.

Don haka muna da taswira uku, kowacce ta gaske. Ta 1894 ta sa Ngeli da Bongor a Kamaru, ta bar Lere da Mundu a ɓangaren Faransa. Ta 1911 ta juya abin. Ta 1919, wadda ake kai har yau, ta haɗa wa Cadi duka biyun.

3.1 Da A Ce An Tsaya A Kan Ta 1894

Da iyaka ta tsaya a Shari, da Injamena ba ta da inda za ta faɗaɗa ta kudu. Gunduma ta 9 ba za ta wanzu ba. Kwastan zai koma bakin gadar Shagwa, wadda ta ƙetare Shari, harabar jami'a da ke Tukra kuwa sai a nema mata wani fili. Mafi muhimmanci, babbar hanyar da ta haɗa hedkwatar ƙasar da kudancinta, wadda ta bi ta Mandeliya da Gelendeng da Bongor, da cikin ƙasar wasu ta bi daga farkonta. Ɗan majalisa mai wakiltar Mundu sai ya nuna fasfo sau biyu kafin ya isa zauren majalisa, ko kuma ya yi dogon zagaye ta gabashin Shari. Ƙasar da tun ran gini matsalarta ita ce yadda za ta riƙe kudu da arewa wuri guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutumin Ngeli kuwa, da mai zaɓe ne a sashen Logon-da-Shari na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, hedkwatarsa Kuseri, majalisarsa tana Yawunde, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A yau majalisar da yake zaɓa tana tsallaken kogi, ɗan acaba ma zai kai shi. Za mu dawo kan abin da zama a mazaɓar Kuseri ke nufi.

4.0 Kujeru 65 Da Rinjayen Da Ya Rage Saura Ɗaya

Taswirar 1911 ce ta fi taɓa lissafin kujeru, amma sai an fara da yadda zaɓe ya shigo Cadi. A 1945 Faransa ta ba ƙasashen da take mulka damar tura wakilai majalisar Faris. An haɗa Cadi da Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, a mazaɓa ɗaya, sannan aka raba masu zaɓe rukuni biyu. Rukunin farko na masu matsayin ɗan ƙasar Faransa ne, galibinsu Turawa, 'yan tsiraru, amma suna da kujerarsu sukutum, wadda likitan dabbobi René Malbrant ya riƙe. Rukuni na biyu na 'yan ƙasa ne, su ma ba kowa ba, sai irin su sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja. Wannan ma shata mazaɓa ce, sai dai an ja layin ne tsakanin mutane maimakon a ja shi a ƙasa. A Nuwamban 1946 Cadi ta sami kujerar rukuni na biyu tata ta kanta, Gabriel Lisette ya lashe ta. Shi ma'aikacin mulkin mallaka ne, baƙar fata ɗan asalin Gwadalup da aka haifa a Panama. A 1947 ya kafa jam'iyyar PPT, reshen RDA, wadda ta yi ƙarfi a kudu, a ƙasar noman auduga, inda manoma ke ƙorafi kan noman dole da kan sarakunan da ke tilasta shi.

Dokar Defferre ta Yunin 1956 ta soke rukunan biyu, ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Ranar 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar yanki mai kujeru 65. PPT ta sami 32. Rinjaye yana buƙatar 33. Da taimakon ƙananan jam'iyyu Lisette ya kafa gwamnati, kuma irin wannan gwamnati ta jingina ba ta da barci. A Fabrairun 1959 ta faɗi. Gonshome Sahulba ya karɓa ya yi wata guda, Ahmed Kulamallah ya biyo shi bai cika mako biyu ba, sannan ranar 26 ga Maris François Tombalbaye na PPT ya hau. A zaɓen 31 ga Mayu 1959 jam'iyyarsa ta sami kujeru 57 daga 85, shi ne ya karɓi 'yancin kai ranar 11 ga Agusta 1960, a 1962 kuma ya haramta sauran jam'iyyu.

To, a ɗora taswirar 1911 a kan wannan lissafi. Yammacin Logon na daga cikin wurare mafi cunkoson jama'a a Cadi, kuma ƙasar Ngambai na daga cikin inda PPT ta fi kafuwa. Jam'iyyar da ta rasa rinjaye da kujera ɗaya alhali wannan yanki yana ciki, da wuya ta zama ta farko da tazara idan an cire shi. Nauyin majalisar zai karkata zuwa Wadai da Batha da Kanem da Bagirmi, inda jam'iyyun sarakuna da 'yan kasuwa Musulmi suka fi ƙarfi. Ana iya cewa da Kulamallah, wanda ke da alaƙa da Bagirmi, ya fi mako biyu a kan kujera. Abin dariyar shi ne, Sahulba, wanda ya gaji Lisette, sarkin Lere ne na ƙabilar Mundang. A taswirar 1911 shi ɗan Kamaru ne, kujerarsa tana Yawunde.

A can ma lissafi zai motsa. A zaɓen Kamaru na Disamban 1956 majalisa tana da kujeru 70, wakilan arewa ƙarƙashin Ahmadu Ahijo suka sami 30, wannan ne ya ba shi damar zama firayim minista a Fabrairun 1958. Ƙarin yammacin Logon zai ƙara wa arewa kujeru. Amma a ganina kuskure ne a ɗauka kujerun na Ahijo ne. Ƙarfinsa ya dogara ga lamiɓɓen Fulani na Garwa da Marwa da Ngaundere, su kuwa Ngambai da maƙwabtansu ba Musulmi ba ne, ba kuma a ƙarƙashin lamiɗo suke ba. Zai yiwu da sun raba arewar ne gida biyu tun da wuri. Iyakar abin da "da" za ta iya faɗa mana ke nan da gaskiya: wa zai zauna a wane zaure, kujeru nawa ake buƙata. Ba za ta iya cewa da yaƙin basasar da ya soma a Cadi a tsakiyar shekarun 1960 bai faru ba. Wanda ya wuce nan ya bar tarihi ya shiga tatsuniya.

5.0 Kuseri, 1992

An yi alkawarin komawa kan mazaɓar Kuseri. A Kamaru da Cadi, kamar yadda aka gada daga Faransa, sashen mulki shi ne mazaɓa, kuma yawancin mazaɓu suna da kujera fiye da ɗaya. Kowace jam'iyya tana kawo jerin 'yan takara, jerin ake zaɓa. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci a ƙasashen biyu ita ce, jerin da ya sami fiye da rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun mazaɓar gaba ɗaya. Sai idan babu wanda ya haye rabi ake rabawa. Ɗalibin da ya saba da tsarin Nijeriya na kujera ɗaya a mazaɓa ɗaya ya lura da bambancin. A nan wanda ya sami kashi 51 cikin 100 ya ci duka, mai kashi 49 ya tashi a tutar babu, ko da kujerun huɗu ne ko biyar.

A sashen Logon-da-Shari manyan al'ummu biyu ne, Kotoko, waɗanda ke riƙe da tsofaffin sarautun Kuseri da Gulfe da Logon-Birni, da Larabawan Shuwa, waɗanda ke ganin sun fi yawa amma ba su da rabo daidai da yawansu. Muddin jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, ba a buƙatar ƙirga kowa. Da Kamaru ta koma tsarin jam'iyyu da yawa aka sa zaɓen majalisa ranar 1 ga Maris 1992, sai katin zaɓe ya zama makami. A ƙarshen Janairun wannan shekara rikici ya ɓarke a Kuseri kan rabon katunan, aka kashe mutane da dama. A zaɓen kansa jam'iyyar RDPC mai mulki ta sami kujeru 88 daga 180, ita ma ba ta kai rinjaye ba, sai da ta jingina da MDR mai kujeru 6. A irin wannan majalisa kujerun sashe guda suna iya tsayar da gwamnati ko su kayar da ita.

Da iyakar 1894 ta tsaya, da Ngeli tana cikin wannan mazaɓa, kuma da an tambayi kowane mazauninta, har da Bahaushe ɗan kasuwa da ba Kotoko ba ba Shuwa ba, wane ɓangare yake. Ƙananan al'ummu a irin wannan wuri su ne raba-gardama, kuma kowa ya san matsayin raba-gardama yana da riba ranar kamfe, yana da haɗari ranar da sakamako ya fito.

6.0 Yadda Ake Haɗa Ƙuri'u

Akwai misali guda a wannan yanki da ba ya buƙatar hasashe, domin alƙalumansa suna nan. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta karɓi wani siririn yanki na Kamarun Jamus da ke jingine da Nijeriya. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba-gardama don mutanen yankin su zaɓi Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. An ƙirga arewa daban, kudu daban. A arewa mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. A kudu 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya. Arewa ta shiga Nijeriya ranar 1 ga Yuni 1961, ta zama lardin Sardauna.

Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya haɗa. Kamaru tana da 331,230, Nijeriya tana da 244,037. Da an ɗauki yankin a matsayin mazaɓa ɗaya, ba tare da mutum ko guda ya canja ra'ayi ba, da Dikwa da Bama da Gwoza da Mubi da Gembu duk Kamaru ne. Direban nan namu zai bar Nijeriya ba da nisa da Maiduguri ba. Gwamnatin Ahijo ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan gundarin maganar. Hujjar masu ƙirga daban ba ta banza ba ce: tun farko Ingila ta haɗa arewar da lardunan Borno da Adamawa da Binuwai, kudu kuwa tana da majalisarta a Buea, kuma mutanen Dikwa ba su da wata hulɗar mulki da na Kumba. Duk da haka, shawarar da aka yanke kafin a kaɗa ƙuri'a ita ta fi ƙuri'ar tasiri.

Bari a ɗan ratse. Irin wannan ne ya faru a zaɓen tarayyar Nijeriya na Disamban 1959, wanda su mutanen Dikwa ma suka shiga. Kwamitin Lord Merthyr na 1958 ya raba kujeru bisa yawan jama'a, Arewa ta sami 174 daga 312. An ƙirga matan Arewa wajen rabon kujeru, amma ba su da ƙuri'a. Jam'iyyar NPC ta zo bayan NCNC a yawan ƙuri'u, ta kuma fi kowa kujeru, 134. Matan arewacin Kamarun Ingila sun yi zaɓe a 1961 ne saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ta nace, shekaru da dama kafin sauran matan Arewa.

7.0 Gunduma Ta 9

Tun da Cadi ta koma zaɓen jam'iyyu da yawa, majalisarta ta yi ta kumbura: kujeru 125 a 1997, 155 a 2002, 188 a 2011. A zaɓen 2011 kowace gunduma ta Injamena mazaɓa ce, sauran ƙasa kuwa sashen mulki ne mazaɓa. Tunda kowane sashe yana da aƙalla kujera ɗaya komai ƙarancin jama'arsa, duk wanda ke da ikon ƙirƙiro sashe yana da ikon ƙirƙiro kujera. A 2024 gwamnatin Mahamat Idris Deby ta sake fasalin mulki, sassan suka kai 120 cikin larduna 23, aka sake rabon kujeru 188. 'Yan adawa suka yi ƙorafi cewa rabon ya fifita yankunan arewa masu ƙarancin jama'a a kan kudu. Babu ma'aunin da zai raba gardamar, domin ƙidayar da ake da ita a lokacin ta 2009 ce, mai shekara 15. Jam'iyyar Succès Masra ta ƙaurace wa zaɓen 29 ga Disamba 2024, MPS mai mulki ta sami kujeru 124.

Tsohuwar ƙidaya ta fi cutar da wuri irin gunduma ta 9, domin gefen gari ne, inda baƙi ke sauka, inda fili ya fi araha. Gefen birni yakan cika da mutane cikin 'yan shekaru, ƙauyen hamada kuwa yana nan yadda yake. Idan aka raba kujeru da tsohon lissafi, ƙuri'ar mutumin Waliya da Ngeli tana raguwa kowace shekara ba tare da an taɓa layi ba.

Hausawan Injamena fa? Yawancinsu zuriyar alhazai ne da fatake da suka bi hanyar gabas ta Fort-Lamy da Abeshe zuwa Sudan da Makka, musamman bayan 1903, lokacin da Ingila ta ci Kano da Sakkwato. John Works ya yi littafi a kansu a 1976. Su 'yan tsiraru ne a birnin da Larabcin Cadi ne harshen kasuwa, kuma babu layin da za a ja ya ba su mazaɓa tasu. Nijar ta gwada wata dabara tun 1993, inda ta ware mazaɓu na musamman guda 8 don ƙananan al'ummu irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa, a wurare kamar Bilma da Tesker da Tasara. Wannan dabara tana aiki ne ga al'ummar da ke da ƙasa tata a dunƙule. Ɗan kasuwa da ke zaune a birni tsakanin wasu, sai dai ya nemi gurbi a jerin 'yan takarar babbar jam'iyya, ko ya nemi kusanci da wanda ya samu.

Akwai kuma lokacin da layin ba ya aiki sam. Majalisar da aka zaɓa a Fabrairun 2011 wa'adinta shekara huɗu ne, amma ta zauna har 2021 saboda an yi ta ɗage zaɓe. Da Idris Deby ya rasu a Afrilun 2021 soja suka rushe ta, aka naɗa majalisar riƙon ƙwarya. A Oktoban 2022 Shari da Logon suka cika suka batse lokaci guda, ruwa ya shanye unguwanni a harshen ƙasar nan da ke tsakaninsu, dubban iyalai na gunduma ta 9 suka koma zaman tanti a kan tudu. A wannan watan Ngeli ba ta da zaɓaɓɓen ɗan majalisa ko ɗaya da zai tashi ya yi magana da sunanta, kuma yaron da aka haifa a shekarar zaɓen 2011 ya kai shekara 13 kafin iyayensa su sake zaɓen wani.